Wuƙar da ta Juya wa Ƙofa Baya

Da hantsi aka gane an sace wuƙar. Abin da ya ɗaure wa mutane kai kuwa shi ne, ga ta nan a wurinta, kowa yana ganinta.

Shagon aski ne na wa da ƙani, a bakin titi, tsakanin shagon tela da na mai sayar da fenti. Kujeru biyu, dogon madubi a bango ɗaya, bencin masu jira a ɗaya bangon. Mutanen unguwa ba sa wahalar da bakinsu, wan suna ce masa Babba, ƙanen kuma Ƙarami, ko da yake Ƙaramin ma furfura ta fara leƙo masa a gemu. A saman bencin akwai wani ɗan akwatin gilashi da aka kafe a bango. A ciki wuƙar mahaifinsu take, kwance kan ƙusoshi biyu. 'Yar wuƙar aljihu ce mai naɗewa, ƙotarta ta ƙashi, wani matuƙin jirgin ruwa ya ba tsohon tun yana saurayi yana yawon aski. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da mutuwa, kuma masu tara kayan da sun ce irinta ta yi wuyar samu ƙwarai.

Akwai wani dillalin kayan da da kan zo lokaci-lokaci ya roƙi a sayar masa. Babba ya ce a'a, su yi dariya, sannan a buɗe akwatin a bar shi ya riƙe ta ya ji daɗi. Ran nan ma haka aka yi. Ya buɗe ta, ya rufe. Ya sake buɗewa. Sai ya ajiye ta a kan benci a hankali, ya ce, "Babba, wannan ba ita ba ce."

"Kai dai da son wasa," in ji Babba, almakashi a hannunsa.

Dillalin bai yi dariya ba.

Kafin ka ce kwabo ƙofar shago ta cika. Wannan ya ce aljanu, wancan ya ce ai dama dillalai ba abin yarda ba ne. Daga ƙarshe wani ya ce a kira Mai-Sawu.

A bayan kasuwa yake da rumfar gyaran keke. Yana yaro kiwo ya yi, a can ya koyi karanta ƙasa, da ya shigo gari idon ya biyo shi. Akuya ta ɓace, babur ya yi ƙafa, shi ake nema. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa, kuma in ya ce abu kaza ne, to a unguwar an rufe zance. Wannan yardar ce ma take ba shi tsoro wani lokaci.

Da ya iso ya sa aka ja baya, ya taka bencin, ya duba kwaɗon akwatin sama da ƙasa. Babu ƙarzuwa, babu lanƙwasa, fentin katakon ko kaɗan bai ɓare ba. Sai magana ta kuɓuce masa tun bai sauko ba.

"Ba ɓallewa aka yi ba. Da makullinsa aka buɗe."

Yana juyowa ya ga inda idanu suka tafi. Duk unguwar ta san mutum biyu ne suka san maɓoyar makullin, ta kuma san Ƙarami ne ke sauko da wuƙar ya goge ta ya shafa mata mai, don shi tsohon ya koya wa.

Babba ya ajiye almakashin. "Tun kwanaki na ga ta juya wa ƙofa baya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tun Baba na da rai kanta ƙofa yake kallo. Na ce a raina Ƙarami ne ya shafa mai ya mayar da ita a juye. Ashe!"

"Yaya," Ƙarami ya ce. Ya cusa hannayensa biyu cikin aljihun rigar aikinsa. "Yaya, ni?"

"Fito da hannunka ka yi mini magana."

Bai fito da su ba. Wani a bakin ƙofa ya ja tsaki.

"Haba jama'a, ciki ɗaya suka fito," in ji Mai Agogo, mai gyaran agogon tsallaken titi, yana shafa sanƙonsa. "Babba, yi haƙuri, a bar maganar a cikin gida, a rufa wa juna asiri."

"Ba zan bar ta ba," in ji Babba. "Kafin in rufe shagon nan yau, ko wuƙar Baba ta dawo, ko ni da kaina in kai shi wurin 'yan sanda. Kujerar nan kuma ya manta da ita."

Ƙarami ya ratsa mutane ya fita, kansa a ƙasa. Mai-Sawu ya naɗe jabun wuƙar a hankici ya sa a aljihu. Ya ji ta yi masa nauyi fiye da girmanta, don ya san bakinsa ne ya jawo wannan.

*

Ya tarar da Dillali zaune a dakalin mai fenti, yana fifita da hularsa.

"Kai ka fi kowa sonta," Mai-Sawu ya ce, ya zauna kusa da shi.

"Ƙwarai kuwa. Shi ya sa in da ni na ɗauka, da na riƙe wannan na ce madalla, tana nan yadda na san ta, na yi tafiyata. Wa zai sani?"

Maganar ta zauna. Mai-Sawu ya kwance hankicin. "To nuna mini yadda ka gane."

Dillali ya karɓa, ya kai ta kusa da kunnen Mai-Sawu, ya rufe ta. "Ka ji? Ƙas! kamar an karya ice. Ta gasken ta sha hannu, in ta rufe laushi za ka ji, kamar ƙofar ɗakin da aka daɗe ana shiga. Sai tambarin, dubi ɗan tsanin nan a gindin ruwanta. Na gasken bugawa aka yi, gefe ɗaya ya fi zurfi. Wannan inji ne ya zana, ko'ina daidai wa daida. Sai tsatsar. Shekaru ba sa cin ƙarfe bai-ɗaya, malam. Inda yatsa ke taɓawa sai ya yi haske, inda ba ya kaiwa ya yi duhu. Wannan jiƙa ta aka yi a wani abu mai tsami, ta dusashe gaba ɗaya. Sunsuna ka ji."

Ya sunsuna. Akwai ɗan tsami-tsami can ƙasa.

"Ƙashin kuma da ganyen shayi aka dafa shi ya yi ja. Irin waɗannan ana ƙera su sababbi ana sayarwa, ba laifi ba ne. Tsufan ne aka yi mata na ƙarya." Dillali ya tsaya, ya ɗora farcensa a kan wani ɗan rami a jikin ƙotar, kusa da kai, inda ƙashin ya ɓantare. "Amma wannan ya burge ni. Ta gasken tana da shi, girmansu ɗaya, siffarsu ɗaya, kamar ɓarin gyaɗa. Wanda ya sassaƙa wannan da siririn magagari ya yi, a natse. Hannunsa ko motsi ba ya yi."

Mai-Sawu ya karɓi wuƙar ya naɗe ta. Hannun da ba ya motsi, ai shi ne hannun mai aski.

*

Tela yana kan keken ɗinki, ƙafarsa na aiki, bakinsa ma haka.

"Mai-Sawu! Ni ke da allura, amma yau kai ka ɗinka wa Ƙarami rigar ɓarayi da bakinka."

"Bari, Tela, raina ba daɗi. Me ka gani kwanakin nan?"

"Ni me zan gani, kaina a ƙasa?" Ya tsinke zare da haƙori, sannan ya rage murya. "Sai dai fa, bawan Allan nan ya canza. Rana na yin tsaka sai ya sulale, ya bi babban titi, ya dawo da wani abu a leda cikin aljihu, ba ya yarda ku haɗa ido. Kuma ya daina taɓa aska. Ko ni da na ce ya gyara mini gemu, cewa ya yi in jira Yaya. Mutum in ba ya shirin barin wuri, me zai sa ya saki aiki?"

Kowace kalma kamar ana ƙara wa Mai-Sawu dutse a ƙirji.

"In duk sun fita, wa ke jiran shagon?"

"Duk wanda aka samu a benci. Babba zai tafi masallaci, ya ce kai wane, duba mini. Ni na jira, mai fenti ya jira, Mai Agogo ma ya jira. Shi ai ya zama ɗan gida. Mutumin da kansa yake kamar ƙwai, amma bini-bini yana kan kujera wai a yi masa aski. Na ce da shi, kai me ake aske maka ne, tunani?"

Tela ya yi ta dariya har keken ya tsaya. Mai-Sawu bai taya shi ba. Hankalinsa yana kan ledar nan da ke cikin aljihun Ƙarami.

*

A ƙofar gidan mahaifiyarsu ya sami Ƙarami, zaune a inuwar katanga, hannayen dai suna cikin aljihu. Mai-Sawu ya zauna gefensa.

"Ina kake zuwa da rana, ɗan'uwa?"

Ƙarami ya kau da kai.

"Ni na jefa ka a wannan, ina so in fitar da kai. Amma duk inda na bi, sawun ƙofarka yake dawowa." Ya fito da wuƙar ya miƙa masa. "Buɗe mini ita."

Ƙarami ya dube shi kamar zai yi kuka. Sannan ya zaro hannunsa na dama ya karɓa. Hannun yana rawa. Ba rawar tsoro ba, wata 'yar karkarwa ce da ba ta tsayawa. Ya kai farce zai ɗago ruwan wuƙar, farcen ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Ya ajiye ta a cinyarsa, ya fito da ledar. Ƙwayoyin magani ne na asibiti.

"Likita ya ce ana iya rage shi, amma ba ya tafiya. Tunda ya fara ban ƙara sauko da wuƙar Baba ba, tsoro nake kada ta suɓuce mini. Shi ya sa ban san an canza ta ba."

Mai-Sawu ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Tashi mu je ka nuna wa Yayanka. Dillali da bakinsa ya ce hannun da ya yi aikin nan ba ya motsi."

"A gaban mutanen nan?" Ƙarami ya riƙo masa riga. "Wa zai ƙara miƙa wuyansa ga mai askin da hannunsa ke rawa? Ko kilifa ba za su bari in ɗora musu ba. Ɓarawo in gaskiya ta fito ya wanku. Wannan kuwa in ya fita, ya fita ke nan. Ina da yara, Mai-Sawu. Don Allah ka yi mini alkawari."

Ya yi masa. Yana yi yana jin kamar ya ɗaure ƙafarsa da kansa, ga rana ta fara karkata.

"Wa ke nan ƙofa yana ta ƙus-ƙus?" wata murya ta ce daga ciki. "Ku shigo. Idona ne ya tafi, kunnena yana nan."

Inna ce, mahaifiyarsu. Tana zaune kan tabarma a bakin ɗakinta. Labari ya riga su isowa. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta dai miƙo hannu. "Ba ni abin da aka ce an ajiye a madadin ta Malam."

Mai-Sawu ya buɗe wuƙar ya sa mata ƙotar a tafin dama. Ta damƙe ta yadda ake riƙewa in za a fere abu. Babban yatsanta ya shiga lalube a jikin ƙashin, ya hau, ya sauka.

"Ina ramin?"

"Yana nan, Inna."

Ta juya ta. "Au, ga shi a baya, ƙarƙashin 'yan yatsu. A'a. Ba nan yake ba." Ta nuna inda take jin numfashin Ƙarami. "Wannan ja'irin ne ya yar da ita kan dutse yana rarrafe. Na ɗauka Malam zai yi faɗa, sai ya riƙe ta ya yi dariya, ya ce yaron nan ya yi wa babban yatsana wurin zama. Duk wanda ya riƙe ta da dama, yatsansa a ramin yake sauka. Wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe ta ba."

Ƙarami ya matso ya duba. "Wallahi haka ne. A ɗaya gefen aka yi shi."

Mai-Sawu ya karɓi wuƙar yana jujjuya ta. To shi ya sa ta juya wa ƙofa baya. Wanda ya ajiye ta dole ya juya kanta, in ba haka ba ramin zai koma jikin bango a gane nan take. Amma wane irin mutum ne zai kwaikwayi rami, girma ɗaya, siffa ɗaya, sannan ya sa shi a gefen da ba nasa ba?

"Ka je ka gaya wa wancan mai taurin kan," in ji Inna, "in ya kai ƙanensa wurin hukuma, ya biyo ya tafi da ni."

*

Inuwar shagon fenti ta riga ta tsallaka titi sanda Mai-Sawu ya koma. Babu kowa a shagon askin sai Babba, yana share ƙasan da ba gashi a kai. Idanunsa sun yi ja.

"Ka samo?"

"Tukuna. Mayar mini da wannan cikin akwatin, ina so in ga yadda take zama."

Ƙafafunsa sun gaji, sai ya zube kan kujerar askin, ya jingina kai. A cikin madubi ya ga Babba ya waiga ƙofa, ya tabbatar ba mai kallo daga waje, sannan ya zura hannu bayan katakon da ake rataye tawul, ya zaro makulli. Ya ga hannun, ya ga ƙusar da makullin ke rataye, ya ga akwatin tar kamar a gabansa yake. Can gefe kuma ga allon mai fenti, rubutunsa a birkice.

Ya miƙe zaune.

"Babba, da wane hannu ka ɗauko makullin nan?"

"Da dama mana. Yaushe na zama bahago?"

"Ni a nan hagu na gani."

Babba ya juyo yana kallonsa kamar wanda rana ta taɓa.

"Kana barin mutum ya tsaya gaban akwatin nan ya ƙare mata kallo? Ko ya ɗauki hoto?"

"Ka san ba na bari. Mutum ya leƙa ya wuce. Ba gidan kallo na buɗe ba."

"To aika a kira mini Ƙarami, da Dillali, da Tela, da Mai Agogo. Kada ka ce musu komai."

*

Suka taru, sauran jama'a suka toshe ƙofa. Ƙarami ya tsaya a lungu, hannu a aljihu. Mai-Sawu ya tsaya a tsakiya. In ya sake kuskure, mutum biyu ke nan ya ɓata a yini ɗaya.

"Da safe na yi saurin baki," ya ce. "Yanzu ba ni zan faɗa ba, ku za ku gani da idonku. Tela, hau kujera."

"Kyauta ne? In kyauta ne har gemu."

"Hau dai. Kada ka waiga. Me kake gani a bayanka?"

"Ina ganin akwati, ina ganin wuƙa. Ina ganin Mai Agogo, fitila na wasa a kansa."

Aka ɗan yi dariya. Mai Agogo ma ya murmusa.

"Babba, ɗauko makulli yadda ka saba."

Babba ya yi jim, sannan ya zura hannu bayan tawul.

"Kai!" in ji Tela. "Ashe nan yake! Ai ko makaho ya zauna nan ya gani."

"To kun ji. Babba yana tsaron ƙofa, ya manta da madubi. Ba mutum biyu suka san maɓoyar nan ba, duk wanda ya zauna a kujerar nan ya sa ido zai sani." Mai-Sawu ya sa aka fito da wuƙar, ya ɗaga ta. "Ramin nan kuma, Inna ta ce a ƙarƙashin babban yatsa yake. Babba, riƙe ka ji."

Babba ya damƙe ta. Yatsansa ya lalubo, bai samu ba. Fuskarsa ta canza.

"Ƙarami ya yi shekara da shekaru yana goge ta. Shi ya yi ramin ma, yana rarrafe. In da shi ne ya haɗa jabun, ko a mafarki ba zai sa shi a baya ba. Wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe ta ba, bai ma samu ya tsaya gabanta da kyau ba. A madubi ya san ta. Madubi kuwa dama yake mayarwa hagu. Ya kwaikwayi abin da ya gani daidai, sai dai abin da ya gani a juye yake." Ya juya ga Babba. "Kuma irin wannan aiki ba a yin sa da ka. Sai an ajiye hoto a gaba ana dubawa. Wa ke ɗaukar hoto a kan kujerar nan?"

"Samari suna yi, in an gama musu," in ji Babba a hankali. "Su ga yadda askin ya zauna." Idonsa ya tafi kan sanƙon da ke sheƙi a ƙarƙashin fitila. "Da kai. Duk zuwa sai ka ɗaga waya. Ka ce maiɗakinka kake tura wa."

"To laifi ne?" in ji Mai Agogo. Muryarsa ta ɗan sirance. "Mutum ba zai ɗauki kansa ba?"

"Wane kan?" in ji Tela. "Wannan ai ko ba hoto ta san shi, tun daga nesa yake gaishe ta."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Ba laifi ba ne," Mai-Sawu ya ce, da taushi. "Nuna mana hotunan kawai. In kanka ne a tsakiya, zan ba ka haƙuri a gaban kowa, in kuma daina bin sawu."

Mai Agogo ya sa hannu a aljihu. Hannun ya tsaya a can. Gumi ya tsattsafo masa tun daga tsakiyar kai, ya gangaro bayan kunne. Ya dubi ƙofa, ƙofa a cike. Sai ya zauna a kan bencin, daidai ƙarƙashin akwatin.

"Ban sayar ba," ya ce. "Wallahi ban yi niyyar sayarwa ba. Tana cikin babban agogon bangon da ke rumfata. Ni dai sonta nake. Kullum ina gyara abin da ba ya ƙarko, ga abu an yi shi tun kafin a haife ni yana nan garau. Na ce ai a bayan gilashi take, wa zai rasa wani abu? Sai da na buɗe akwatin na haɗa su biyu na ga ramin ya saɓa. Lokacin kuma an kusa fitowa daga masallaci."

"Kana tsaye a nan da safe," in ji Babba, "ina cewa zan kai ƙanena wurin 'yan sanda, kana ce mini a rufa asiri. Asirin wa?"

Mai Agogo bai ɗago ba.

Tela da Dillali suka raka shi tsallaken titi, jama'a suka bi su ɗuu. Ba a jima ba Dillali ya dawo shi kaɗai, ya buɗe wuƙar kusa da kunnensa, ya rufe. Ta rufu a hankali, da ɗan sauti mai laushi. Ya lumshe ido.

"Ita ce." Ya miƙa wa Babba da hannu biyu. "Har yanzu dai ba ta sayarwa ba ce?"

"Fita mini daga shago," in ji Babba. Dillali ya fita yana murmushi.

*

Suka rage su uku. Babba ya tsaya da wuƙar a hannu, ya rasa ta inda zai fara. Ya yi gyaran murya, ya dubi ƙasa, ya dubi bango.

"Ungo," ya ce da ƙanensa. "Kai ka saba mayar da ita."

Mai-Sawu ya buɗe baki zai ce a bari shi ya mayar, sai ya tuna abin da bakin ya jawo da safe, ya rufe.

Ƙarami ya daɗe a tsaye. Sannan ya zaro hannun ya karɓa. Wuƙar ta shiga rawa a tafinsa, ƙarfenta na ɗaukar hasken fitila yana saki.

Babba ya zuba wa hannun ido.

"Na daɗe ina ganin wannan a madubi," ya ce. "In ka ɗauka ba na kallo. Na yi ta jira ka gaya mini. Yau da safe da ka ɓoye shi, sai Shaiɗan ya ce mini ai rashin gaskiya ne ke kaɗa shi tun farko." Ya goge ido da bayan hannu. "Ciwo ne?"

"Ciwo ne, Yaya."

"Shi ne ka zaɓi a kira ka ɓarawo?"

Ƙarami ya sunkuyar da kai.

"Sakarai," in ji Babba. "Daga gobe aska tawa ce, kai ka riƙe kilifa. Wanda ya tambaya, ka ce Yaya ne ya hana, ai kowa ya san halina."

Ya ɗora tafinsa a kan hannun ƙanen, ya damƙe shi har rawar ta lafa. A haka suka taka bencin tare, suka kwantar da wuƙar kan ƙusoshinta biyu, ramin yana waje, kanta yana kallon ƙofa.

Mai-Sawu ya lallaɓa ya fita ba sallama. Yana bakin titi ya jiyo Babba yana cewa, "Makullin nan kuma, a ina za mu sa shi inda munafukin madubin nan ba zai gani ba?"